Aikin Ƙasar Waje Ba Cin Rani Ba Ne

Ƙanen wani abokina, ma'aikacin jinya ne a nan Sakkwato, ya samu takardar ɗaukar aiki daga wani asibiti a Saudiyya. Da yamma ya tafi gidansu a Mabera don ya shaida wa mahaifiyarsu. Tsohuwar ba ta tambayi albashi ba, ba ta tambayi sunan garin ba. Cewa ta yi, "Wagga tahiya ta rani guda ta, ko ta shekaru?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, kwantiragin shekara biyu ne. In ban ji daɗi ba sai in komo."

Wannan "sai in komo" ita ce ta tsaya mini a rai. Ba ƙarya ya yi mata ba, iyakar abin da ya sani ya faɗa. Sai dai kalmar gadonta muka yi daga wata irin tafiya dabam, muka ɗora ta kan tafiyar da ba ta san da ita ba.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwar tafiya ba ce. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu su komo da goro. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya sun nausa gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu a Sudan, kuma dubban mutanenmu sun yi ƙwadagon auduga a gonakin Jazira kafin su tara guzurin ƙarasawa Makka. Cin rani kuwa ba sai an faɗa ba: a kammala girbi, samarin Gwadabawa da Illela da Tangaza su kama hanyar Kurmi, hadarin farko ya taso su ɗaure kaya.

Abin lura a duk waɗannan tafiye-tafiye shi ne, matafiyi shi ke riƙe da ƙafarsa. Bafatake yana sauka wurin fatoma a zango, in suka saɓa ya koma gidan wani. Ɗan cin rani mai ga-ruwa ko mai yankan farce ba ya neman izinin kowa ranar da zai koma gona. Wahala akwai ta, wulaƙanci ma akwai, amma ƙofa a buɗe take ciki da waje. Aikin ƙasar waje na zamani ba haka aka gina shi ba. Izinin zamanka a ƙasar ba naka ba ne kai kaɗai, a ɗaure yake da sunan wanda ya ɗauke ka aiki. Ranar da kuka rabu, ba aiki kaɗai ka rasa ba, har da hujjar kwana a ƙasar. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar. Sauran rabin lissafi ne.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sunan tsarin kafala, wanda ya ɗauko ka kuwa kafili. Shi ke nema maka biza, shi ke yi maka igama, wato katin zama, shi ke sabunta ta. Shekara da shekaru ma'aikaci a Saudiyya ba ya iya canza wurin aiki ko fita ƙasar sai da yardar kafili. A watan Maris na 2021 gwamnatin ƙasar ta sassauta: ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wurin bayan ya cika shekara ɗaya ba tare da amincewar na farko ba, zai kuma iya neman izinin fita da kansa ta manhajar Absher, ana rajistar kwantiragi a manhajar Qiwa inda ma'aikaci zai gani ya amince ko ya ƙi. Gyara ne na gaske, ba a raina shi. Amma wannan gyaran na 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba. Su kuwa waɗannan su ne da yawa daga cikin mutanenmu da ake kwasa, musamman matan da ake kai wa aikatau. Nasu tsarin dabam ne, ta kafar Musaned ake ɗaukarsu, kuma in uwar ɗaki ta kai rahoton cewa 'yar aiki ta gudu, abin da ake kira hurub, tana iya zama mai zaman da ba izini, ƙarshenta gidan tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a jira jirgi.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, in mutum ya karanta ta, tana da abubuwan da ke bayan ma'aikaci waɗanda da yawa ba su san da su ba. Kuɗin ɗauko ma'aikaci da kuɗin igama da na izinin aiki da sabunta su, duk a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki suke, haka ma tikitin komawa gida idan kwantiragi ya ƙare. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a doka, ko da yake ana yi. Akwai hutun shekara na kwana 21 da ke zama 30 bayan shekara biyar. Akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan haka.

To ga inda "sai in komo" ke karo da bango. Baƙo a Saudiyya kwantiraginsa mai wa'adi ne. Wanda ya karya shi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, ana iya bin sa diyya, tikitin komawa kuma ya dawo kansa. Wanda ya ajiye aiki don kansa kafin ya cika shekara biyu ba shi da kuɗin sallama ko riyal ɗaya. Daga shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku kawai zai samu. Sannan idan kwantiragi ya zo da Larabci da Ingilishi aka samu saɓani, na Larabcin ake bi. Wannan ya kamata a ce ya zo mana da sauƙi. A garin da kowace unguwa akwai malamin da ya sauke Risala da Mukhtasar, abin kunya ne mutum ya sa hannu a kan shafi huɗu na Larabci bai kai wa kowa ya duba masa ba. Amma haka ake yi, saboda ana ɓoye maganar tafiya kar baki ya shiga, sai an ga biza a fasfo.

Wani zai ce ai wannan halin Larabawa ne, Turai ba haka take ba. Sunan ne ya bambanta. A Birtaniya ba a cewa kafili, amma bizar ƙwararren ma'aikaci ba ta samuwa sai da takardar ɗaukar nauyi daga kamfani ko asibitin da gwamnati ta ba lasisi. Idan aikin ya ƙare, ko aka soke lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Ba shi kuma da haƙƙin tallafin gwamnati a wannan tsakanin. Wannan ba tatsuniya ba ce. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Cikinsu akwai 'yan Najeriya da suka sayar da fili da mota suka biya dillali miliyoyi, suka sauka suka tarar ba aikin, ko kuwa aikin awa kaɗan ne a mako wanda ba ya biyan kuɗin ɗaki.

Dokokin can kuma ba su da zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalinsu. A watan Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700, aka ƙara zuwa 41,700 a Yulin 2025, kuma a watan ne aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙetare baki ɗaya. Likitoci da ma'aikatan jinya nasu ma'aunin dabam ne, amma darasin ɗaya: labarin da wani ya ba ka na yadda ya tafi shekara uku da suka wuce, tarihi ne, ba jagora ba. Mu kuwa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ghana ta kori baƙi a 1969, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Mu ma a 1983, lokacin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan ƙasar nan tamu, muka kori baƙi har jakar da suka ɗaure kaya da ita ta samu suna. Ƙasa kan buɗe ƙofa ranar da take buƙatar hannu, ta tura ta ranar da 'yan ƙasa suka fara gunaguni.

Akwai wani abu guda da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya a Sakkwato ya sani, don shi kaɗai ya isa ya tona asirin rabin 'yan damfara. Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 na masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe. Mutum yana da damar ya nemi aiki da kansa kai tsaye, amma ba a turo wakili ya zo ya tara mutane. Saboda haka wanda ya buɗe zauren WhatsApp ya ce shi ejan ne na asibitocin gwamnatin Birtaniya, a turo kuɗin fom, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Maganar ejan gaba ɗaya tana da ma'auni mai sauƙi. A dokar Najeriya, mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ana iya tambaya a gani. Aikin gaskiya yana da biza ta aiki. Wanda ya ce ka shiga da bizar Umra ko ta ziyara, in ka isa za a juya maka ita, ya tura ka zaman takari ne: ba igama, ba asibiti, ba kotu, kullum ido na kan motar 'yan sanda. Wanda ya ce zai biya maka komai, ka biya shi daga albashi in ka isa, sai a tambaye shi nawa ne bashin, wata nawa za a cire, a wace takarda aka rubuta. Yawancin labaran da ke ƙarewa a ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003 wadda ke da ofishin shiyya a nan Sakkwato, da irin wannan alherin suka fara. Abin da ya fi ciwo, ejan ɗin ba baƙo ba ne. Hajiya ce da ake mutunci da ita, ko ɗan unguwa da ake sallah sahu ɗaya, shi ya sa tambaya ke zama kamar rashin kunya.

Hanyar Illela zuwa Ƙonni, a wuce Tawa a kai Agadas, a shiga Libiya ko Aljeriya, ba ta cikin wannan lissafin ma, don babu takardar aiki a ƙarshenta. Ita maganarta dabam ce.

Yanzu lissafi. Abu na farko da kowa ke yi idan ya ga albashi shi ne ya buga shi da farashin canji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kowane albashin waje ya koma kamar na gwamna idan aka juya shi. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya tun 1986, ga shi Saudiyya ba ta cire harajin albashi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa malamin jami'a ko likitan da ke karɓar albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata ke kallon gabas. Ban ga laifinsa ba.

Sai dai ba a Kasuwar Kara za ka kashe kuɗin ba. Tambayar ita ce me ya rage bayan ka ci ka kwana a can. Albashin da ya zo da gida da mota da inshorar lafiya da tikitin shekara, da wanda aka dunƙule aka ce ka ji da kanka, ko adadinsu ɗaya ba ɗaya ba ne. Mai son ɗauko iyali zuwa Saudiyya, in a kamfani mai zaman kansa yake, akwai kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa: an fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a 2020. Mace ɗaya da yara uku riyal 1,600 ke nan kowane wata, 19,200 a shekara, ba a zo maganar makaranta ba. Gidan Bahaushe kuwa yara uku farawa ne. A Birtaniya ana cire haraji kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 12,570 a shekara, ga kuɗin inshorar ƙasa, ga harajin ƙaramar hukuma kan gidan da kake haya, ga wuta da gas na ɗumama ɗaki a lokacin sanyi. Wanda ba a fannin lafiya yake ba zai biya fam 1,035 na kowace shekarar biza don samun damar zuwa asibiti, a dunƙule tun kafin ya tashi. Mai mata biyu kuma ya sani, dokar can mace ɗaya ta sani.

Kafin albashin farko ma akwai ramin da sai an cike. Fasfo, gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadanci ya yarda da shi, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, tantance takardun makaranta a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje. Ma'aikacin lafiya mai nufin Saudiyya sai kamfanin tantance takardu na DataFlow ya bincika takardunsa tun daga makarantar da ta ba shi, ya kuma ci jarrabawar hukumar lafiyar ƙasar. Mai nufin Birtaniya sai ya ci jarrabawar Ingilishi, IELTS ko OET, likita kuma ya ci ta PLAB, wato jarrabawar samun lasisin aiki a can. Kusan duk wannan a Abuja ko Legas ko Kano ake yi, ga Basakkwace kuwa kowane zuwa kwana ne a hanya ta Gusau da Funtuwa, ko kuɗin jirgi daga filin Sultan Abubakar na Uku. Yawanci bashi ake ci. Wanda ya isa can da bashi a wuya, ko kafili bai riƙe masa fasfo ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Akwai kuma ƙofar baya, wadda mutane ke bankawa da ƙafa saboda ɗoki. Ma'aikacin gwamnati da ya ɓace daga ofis ba tare da takarda ba, korarre ne a fayil, kuma ranar da hukumar can ta rubuto tana neman shaidar kyakkyawan aiki, wurin waɗanda ya bari ba sallama za a je. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa da sharaɗin zai yi mata aiki na wasu shekaru, wannan alkawari ne, ko ya cika ko ya biya. Hutun ba albashi, in ana bayarwa, ya fi ajiye aiki. A nan dai ra'ayina a fili yake: jihar da ke fama da ƙarancin likitoci, ta horar da yaro tun daga aji ɗaya, tana da haƙƙi a kansa. Amma ƙudirin da aka kawo Majalisar Wakilai a 2023 na a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, ɗaure akuya ne a turken da ba ciyawa. Wanda aka biya shi daidai, aka ba shi kayan aiki, aka tsare masa hanyar Isa da Sabon Birni, ba sai an ɗaure shi ba.

Sai gida. Ɗan cin rani wata biyar yake yi, matarsa ta san damina za ta kawo shi. Kwantiragin shekara biyu mai hutun wata ɗaya a shekara wani abu ne dabam, kuma sau da yawa biyun kan zama shida. Malamai kan kawo ruwayar Sayyidina Umar da ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, sannan ya ƙayyade wa mayaƙa watannin da ba za su wuce ba. Ba tura kuɗin cefane ne kaɗai haƙƙi ba. Ya kamata a zauna da ita a yi magana ta gaskiya kafin a sa hannu, ba a gaya mata ana saura kwana uku ba. A ina za ta zauna, gidansu ko gidan surukai? Kuɗi ta hannun wa zai riƙa zuwa? Rigingimu da yawa daga nan suke tashi: an tura wa yaya kuɗin gini shekara huɗu, an dawo an tarar da fili da bulo ɗari biyu, ba rasit, ba shaida, kuma ba dama a yi magana don zumunci. Musulunci da ya ce a rubuta bashi, a ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, bai ce ban da 'yan'uwa ba.

Kuma daga ranar da jirgi ya tashi, mutum ya zama mai kuɗi a idon dangi ko yana kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar. Suna, biki, asibiti, kuɗin makaranta, ragon layya. Ba wanda zai gaskata cewa babu. Da yawa daga waɗanda suka daɗe a waje ba kafili ne ya hana su dawowa ba, kunyar dawowa hannu rabbana ce.

Ƙanen abokin nawa bai fasa tafiya ba, ni ma ban ce ya fasa ba. Yayansa dai ya sa shi ya ɗauki kwantiragin suka kai wa wani malami a Gidan Kanawa da ya yi karatu a Madina. Malam ya sa tabarau ya bi shi layi-layi, ya tsaya a shafi na uku. A na Ingilishin an rubuta cewa asibiti zai ba da masauki. A na Larabcin an ƙara cewa masaukin na marasa iyali ne, kuma wanda ya bar aiki kafin wa'adi zai mayar da kuɗin da aka kashe wajen ɗauko shi.

Malam ya ɗago kai ya ce, "Nawa ne kuɗin?"

Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, ba su faɗa ba."

"To rubuta musu su faɗa, su kuma sa shi cikin takarda."

Sai da aka yi mako uku kafin amsa ta zo. Ya tafi bayan Sallah ƙarama, matarsa da ɗansu suna Mabera wurin Inna.